Yayarmu da Fegin Shanyar Umma

Kun taɓa ganin wanda ya san amsa tsaf amma bakinsa ya ƙi fitar da ita? To haka yayarmu take, tun tana ƙarama in'ina gareta, kafin ta ce ruwa ka je ka ɗebo ka sha ka dawo, shi ya sa muke ce mata Sai-an-jima. Amma a lissafi wallahi ba a haɗa ta da kowa, har digiri na biyu ta kai, saura kawai ta tsaya gaban malamai ta yi bayani da baki. Karon farko ta je ta ƙame, kalma ɗaya ta ƙi fita, suka ce dama ɗaya ta rage mata, in ta kuma shi ke nan.

Abin da take karanta wai wasu lissafai ne masu taurin kai, ɗaya na tudun ruwa mai tafiya shi kaɗai bai watse ba, ɗaya na abubuwa masu lilo a jere, ga na uku a tsakani da ya haɗa su, ta ce dangi ne.

Wata rana ta kwashe fegin shanyar Umma kaf, ta karɓi doguwar roba a shagon Baba tunda faci yake, ta jera fegin a jikin robar suna reto. Umma ta fito ta ga zannuwanta a ƙasa ta ce ke wannan wane irin boko ne mai cin fegi? Yaya ta ce Umma duba, ta murɗa fegi na farko, sai murɗin ya bi layi fiii har ƙarshe bai lalace ba. Ta shiga bayani hannu na aiki baki na zuba, Baba ya ajiye famfonsa ya ce Uwata kin ji kanki kuwa? Ba ki tsaya ba fa! Ashe in hannunta na motsi in'inar sassautawa take.

Umma ta ce wato shi lissafin na tsakiyan kamar kawunku ne, ta wajensa aka haɗa jini? Yaya ta ce ƙwarai. Umma ta ce to Allah sa ya fi kawunku zumunci.

Ranar jarabawa Baba ya rufe shago ya bi ta, da kyar aka bar shi ya riƙe bakin robar, shi ya ba mu labari. Wani malami mai furfura ya jefo tambaya, Yaya ta maƙale a kalmar farko, Baba ya ce gumi har cikin takalminsa. Sai ya ɗan girgiza robar, ta kai hannu ta murɗa fegi, magana ta taho, ta ɗauki alli ta fitar da wannan lissafin daga cikin wancan tana faɗa tana rubutawa. Ta yi tuntuɓe nan da can amma ta kai ƙarshe, kuma ta ci!

Fegin dai malaman sun roƙa an bar musu, Umma har yau mita take.

Don Allah ku tura wa duk mai in'ina da kuka sani, da masu yi musu dariya irina.