Jan tauraron da ke bin Kaza

Ranar wata Alhamis ce, a ƙarshen bazarar shekarar da aka yaye ƙanina, Inna ta ɗora ni a kan turmin da ta kife a tsakar gidanmu na Garuwa. Rana ta faɗi, ana kiran magariba. Ta ce, "Hajara, idonki ya fi nawa. Dubi yamma, ki gaya mini ko yana nan."

Jan tauraron nan take nufi, wanda ke bin bayan taurarin da ake kira Kaza da 'ya'yanta. Babanmu falke ne. Da kaka, ana cirar auduga, ya kora shanu zuwa Meiganga, tauraron yana fitowa daga gabas kamar garwashi. Fatake da shi suke auna tafiya, sai Baba ya ce wa Inna kafin tauraron ya ɓace a yamma zai dawo. Muka yi ta zama. Ni ce mai ɗebo ruwa daga Binuwai, ni ce mai tsinto kara, mu yi 'yar carafke a gindin tsamiya, kullum kuwa tauraron yana ƙara gangarowa. Har Baffa, yayan Baba, ya zo ya zauna a zaure ya ce wa Inna, "Ran da aka daina ganinsa, sai a yi sadaka, ki shiga takaba."

To, ran nan na duba, na sake dubawa, har idona ya yi ruwa. Ja dai na faɗuwar rana, babu kome a ciki. Na ce, "Inna, ba ya nan." Ba ta yi kuka ba, ni ma ban yi ba. Ta cire 'yan kunnenta ta ƙulle a bakin zane, ta ce in sauka ta daka gero.

Yanzu fitilun gari sun cinye sama, sai ƙarar babura. Jikata da ke zuwa makaranta ta ce wai tauraron tsoho ne, ya kumbura ya fi rana girma nesa, wutarsa ta fara sanyi, shi ya sa ya yi ja. Ta ce hasken da muke gani yau, tun ina yarinya ya baro can, sai yanzu ya iso. Na ce mata, "To." Sai Baba ya faɗo mini a rai. Ashe akwai wanda ke daɗewa haka a hanya, kuma ya iso.