Hanyar da Sannu-Sannu Ya Shimfiɗa Mini

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Rajab, da hantsi, ɗiyata ta shigo ta zauna kusa da ni, ta ce, "Baba, Kawu mai tayil ya rasu." Kai ke nan, Sannu-Sannu, abokina tun na ƙuruciya. Mu muka laƙaba maka sunan don ba ka taɓa gama aiki ranar da ka yi alkawari ba, sai ga shi a tafiyar nan ka riga mu duka.

Bara idona ya dushe, duniya ta koma mini kamar ana kallonta ta bayan labule. Na faɗi a banɗaki, ɗiyata ta ce ko dai a gyara gidan, ko in tattara in koma wurinta. Ni kuwa gidan da na zauna da mahaifiyarta har Allah Ya ɗauke ta, ban ga ranar barinsa ba.

Da aka tsai da maganar gyara, ɗiyata ta zo maka da hotuna a waya, irin tayil ɗin da ake yayi: manya-manya kamar ƙyauren ɗaki, farare masu jijiya irin ta dutsen mabul, suna sheƙi, da ƙyar ake ganin mahaɗarsu. Ka shimfiɗa guda a falo don gwaji. Da rana ta faɗo kansa sai na ga tafki a tsakar ɗakina, har da gajimare yana tafiya a ciki. Na tsaya a bakinsa ina tattare wando.

Ka yi dariya har da tari. "Yaya, in kawo kwalekwale ne?"

Sannan ka juya wurinta. "'Yata, zaɓinki ya yi. Amma yanzu masu ido da kwalli haɗawa suke yi, dutse marar sheƙi a fili, sai siriri mai kama da katako ya ratsa tsakiya. Shi ne sabon yayi."

Ko yayi ne, ko a bakinka aka haife shi ran nan, Allah masani.

Kafin ka kwaɓa siminti, sai ka barbaɗe daɓen gidan kaf da garinsa, ka ce in yi harkokina yadda na saba, ba takalmi. Washegari ka zo ka durƙusa kana bin sawuna kamar mafarauci. Inda ƙafata ta bi, nan ka jera siririn tayil mai ɗan kaushi, daga gado zuwa banɗaki, daga banɗaki zuwa falo, har ƙofar baranda. Tafin ƙafata ya zama idona.

A tsakiyar falo sawun ya yi wata lanƙwasa, alhali babu komai a wurin. Nan keken ɗinkin marigayiya yake a da. An daɗe da ɗauke shi, ashe ni ban daina kewaye shi ba. Wani magini da sai ya ja igiya ya miƙe layin. Kai ka yanka tayil ƙanana-ƙanana ka bi lanƙwasar yadda take, ba ka tambaye ni komai ba. Har yau in na zo wurin nakan ji kamar zanenta ya shafi gwiwata.

Baƙi na zuwa suna ɗaukar hoto. Na ji an ce wani maƙwabci ya sa an yi masa irinta, har da lanƙwasar, yana ta kewaye keken da bai taɓa gani ba.

Da muka dawo daga gidanku gaisuwa, ɗiyata ta sake ɗauko zancen komawata wurinta, ta ce yanzu wa zai riƙa leƙo ni. Ban yi musu ba. Na ji ta tuɓe takalmi ta hau hanyar da ka shimfiɗa mini, tana tafiya a hankali. Da ta iso lanƙwasar sai takun ya tsaya. Can ta ce, "Baba, nan ne wurin Mama." Daga nan ta shiga ɗakinta na da, ta buɗe tagogi, ta ce a kawo mata kayanta, nan za ta zauna tare da ni.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ga maiɗakinka da 'ya'yanka da abokan sana'arka, Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.