Tulun Irin Kakata

Ko a wace ƙasa nake, in na ji ƙamshin ruwan fari, ƙauyenmu na arewa da Matankari nake tunawa, da wani tulu da ke ƙarƙashin gadon kakata.

Kafin girbi takan shiga gona da 'yar wuƙarta, tana duba zangarkun gero ɗaya ɗaya. Wadda ta cika da tsaba har baki, ita take yankewa. Wannan shi ne iri. Da kanta take sussuke shi, ta gauraya da toka saboda ƙwari, ta raba biyu. Kashi mai yawa na babana ne. Sauran ta zuba a tulu, ta liƙe bakin da laka.

Wata shekara ruwa ya sauko da wuri, gari duka ya fita shuka. Irin babana ya ƙare, ga gefen gona bai samu ba. Ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta.

"Inna, ki ba ni na tulu in cike gonar. Kowa ya gama."

"Kowa ne zai ba ka iri in ruwa ya ɗauke? Ruwan fari baƙo ne, ba ka san kwanansa ba. Tashi ka ba ni wuri."

Ya tashi yana gunaguni. Ruwa kuwa ya ɗauke, iska ta turbuɗe tsiron da yashi, shuka ta mutu. Wasu suka sayo hatsin ci a kasuwar Dogon Dutsi suka shuka, ba su san na wace ƙasa ba ne. Ya yi kara, damina ta wuce bai fid da kai ba.

Mu dai, ran da ruwa ya dawo, kakata ta fasa lakar. Ta auna wa babana, ta ba maƙwabta biyu ƙoƙo ƙoƙo. Rumbunmu bai cika ba, amma ya kai mu wata damina.

Na yi yawo. Na ga iri cikin leda a Yamai, na ga inda ake ajiye shi a ɗaki mai sanyi a ƙasashen Turai. A ƙauyenmu ma yanzu mata sun gina ɗakin ajiyar iri, jarkoki sun maye gurbin tulu, kuma na ji daɗin haka. Amma ban daina raba nawa biyu ba.

Bara, bayan ruwan fari, babban ɗana ya zo neman sauran. Kafin ya gama durƙusawa na ji bakina yana cewa, "Tashi ka ba ni wuri."