Tsohon Gola Mai Kankana

A bakin Ƙofar Na'isa akwai wani dattijo mai sayar da kankana a baro. Tsayuwarsa daban ce: ƙafafu a ware, gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannuwa a buɗe, kamar mai jiran a bugo masa fanareti. Ta wuyan rigarsa ana hango wata koɗaɗɗiyar jesi. Ga alama gola ne a zamaninsa, na wata ƙungiyar da ko filinta yanzu an yanka an gine.

Yana ba mai shayin gefensa labarin kakar da suka kusa ɗaukar kofi.

"Malam Abdulhakeem, shekarar nan ko ƙuda bai wuce ni ba," in ji shi.

Bai rufe baki ba sai kankana ɗaya ta gangaro daga baron. Dattijon bai yi wata-wata ba, ya daka tsalle ya faɗi dama, hula ta yi nata wuri. Kankanar ta bi hagu, ta fashe a gaban wata akuya.

Ya tashi a hankali yana kakkaɓe riga, fuska ba wasa.

"Wannan ba ci ba ne," in ji shi. "Akuyar ta yi satar gida."