Tarzomar gidan sauro

Sanarwa ga jama'ar Gashuwa: doka da oda sun karye a gidana ranar Asabar, gab da la'asar.

Na farka daga ƙailula na tarar jikokina, 'yan hutu daga Nguru, sun kwance gidan saurona sun mai da shi taru. Tsakar gida ta zama ruwan Dagona, takalmana kuwa su ne kifin.

Na ce wa Hajiya, "Wannan ya wuce hayaniya, ya wuce hargitsi. Tarzoma ce! Gobe su koma wajen uwarsu."

Ko ɗagowa ba ta yi ba daga tsintar shinkafarta. "Malam, a tarzoma gudu ake yi a bar gida. Waɗannan gidanka suka gudo."

Ban ji ba, na sa su a mota.

Yau komai yana inda na ajiye shi. Ina kishingiɗe ƙarƙashin darbejiya, iska tana kaɗa gidan sauron a kan igiya, har nakan ji kamar ana jan sa cike da kifi, ana ihu, "Kaka, riƙe can!"

Jama'a, me ake kiran irin wannan shirun?

Ni dai na yi kuskure. Na buga wa uwarsu waya.