Ɗigo Uku a Ƙarƙashin Motar 'Yarsa

Shekara talatin da ɗoriya Baban Rami ya yi yana shiga ƙarƙashin motocin mutane, kuma ba a taɓa ganin abin da ya razana shi ba sai wata Talata da hantsi, ranar da ya ɗaga fitila a ƙarƙashin motar 'yarsa ta cikinsa.

Sunan nan daga ramin garejinsa ya samo shi, wani dogon rami mai matakala huɗu da baƙin mai ya rine simintinsa. Duk wanda ya zo nemansa ba ya waige-waige, ƙasa kawai yake leƙawa. Gajere ne kakkaura, mai furfura har a gira, da ɗan yatsa guda da jak ɗin ɗaga mota ya taɓa lanƙwasawa bai sake miƙewa ba. Ɗan maƙeri ne. Ya tashi yana jan zugazugi, daga baya ya koma bakanike, amma hannunsa bai manta da ƙarfe ba. Inji kuwa ko kallonsa ba ya yi. "Inji na masu kunne ne," in ji shi, "ni ƙafar mota na sani."

A kayan ƙafar ma, abin da ya fito da sunansa shi ne sitabilaiza, wato dogon ƙarfen nan mai lanƙwasa biyu da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama, ya hana mota kwanciya gefe idan ta sha kwana. Wanda kamfani ke sawa siriri ne mai haƙuri. Su kuwa samari masu motocin gudu ba su san haƙuri ba. Sai su sayo mai kauri, ja ko shuɗi, su kawo masa a kafaɗa suna washe baki.

"Baba, so nake ta shiga kwana a miƙe, kada ta rusuna wa kowa."

"Baba, ni dai ina taɓa sitiyari ta amsa."

Wanda ya fi su rawar kai, wani dogo da ake kira Guguwa, cewa ya yi shi so yake bayan motar ya riƙa fizgewa, don ya ji daɗin tarbo shi. Ƙarfen na kasuwa yana zuwa da huji biyu a kowane baki, na ciki ya fi tauri. Guguwa ya gwada na cikin ya ce bai ji komai ba. A nan ne jinin maƙera ya motsa. Baban Rami ya ɗauko na'urar huji ya ƙara na uku, can ciki, inda masu ƙera ƙarfen ba su yi niyya ba. Ranar Lahadi, a tsohon filin jirgin da samarin ke wasa, motar Guguwa ta yi rawar da har yau ake labarinta. Daga nan layi ya kafu a bakin garejin. Kowane ƙarfe ya huda, sai ya ɗora masa ƙusa ya buga ɗigo uku a jere, don a san aikin wane ne.

Kada a zalunce shi, yana gargaɗi. "Wannan fa ba ta kai yara makaranta ba ce," haka yake cewa yana goge hannu. "In kwalta ta jiƙe, ka shiga kwana ka saki totur, bayanta zai riga gabanta zuwa gida." Sai samarin su kwashe da dariya, shi ma ya taya su. To, gargaɗin da aka yi shi ana dariya, iyakarsa bakin ƙofa.

'Yarsa ta fari sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake kiranta. Ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti can bayan gari, inda motar haya ba ta cika zuwa ba. Shi ya koya mata tuƙi tana da shekara goma sha tara, kuma a rana ta biyu, tana ja da baya, ta banke duron baƙin mai ya malale tsakar garejin. Shi ke nan ya samu labari. Ba taron iyali da za a yi bai ba da shi ba, yana kwaikwayon yadda ta zaro ido. "Uwata in ta hau titi," in ji shi, "har turakun lantarki matsawa suke yi." Takan yi dariya tare da kowa. Shi a ganinsa wasa ne tsakanin ɗa da uwarsa. Shekara goma sha biyar yana wannan wasan bai taɓa kallon fuskarta ba bayan an gama dariyar.

Shi ya sa da ta tashi sayen mota ba ta nemi shawararsa ba. Mijinta ya samo mata wata 'yar ƙarama mai ruwan toka a wurin dillali, mai ƙasa-ƙasa, mai tsafta. Baban Rami ya ji haushi ba kaɗan ba. 'Yar bakanike ta sayi mota ba a nuna wa ubanta ba! Ya ce tunda sun iya, su je su ƙarata. Wata uku motar na zuwa ƙofar gidansa, in ya zo wucewa sai ya kau da kai kamar ya ga wanda suke gaba.

Sai ga ta ranar Talatar nan, da farin kayan aikinta, ta shigo da motar a hankali ta tsayar a kan ramin. Ta gaishe shi, ta miƙa masa makulli da hannu biyu.

"Baba, sayar da ita zan yi. Wata abokiyar aikina ke so. Ka duba mini kada in cuce ta."

"A'a! Har an gaji? Ko turakun ne suka kai ƙara?"

Ba ta yi dariya ba. Wannan ne karo na farko.

"Na daina tuƙi, Baba. Ka yi gaskiya tun farko, ban iya ba."

Ta faɗa masa a tsaye, idonta a ƙasa. Mako biyu da suka wuce, an yi yayyafi da safe, ta ɗauko tagwayenta za ta sauke su a makaranta. A shataletalen bakin gada ta ga kamar ta shigo da ɗan sauri, sai ta ɗaga ƙafa daga totur. Ba ta san me ya faru ba. Ta dai ga duniya ta juya, ta tsinci kanta tana fuskantar inda ta fito, ga wata tankar ruwa ta ci birki, hancin tankar bai fi kamu ɗaya da fitilar motarta ba. Direban ya leƙo ya zage ta tas, ya ce mata su koma kicin. Yaran ba su yi kuka ba sai da suka ga fuskarta. Kuma wannan ne karo na biyu, na farkon ita kaɗai ce, ta ɓoye.

"Me ya hana ki faɗa mini?" in ji shi.

"Don a ƙara shi a kan labarin duro?"

Ta ce ta riga ta rubuta takardar ajiye aiki, tana cikin jakarta. Ba mota, ba zuwa asibitin nan, kuma ita ba za ta kashe 'ya'yanta don taurin kai ba.

Ya ɗauki fitila ya sauka ramin, don can ne kawai ya san yadda ake tsayuwa. Ya duba gaba, lafiya lau. Ya taka zuwa baya, ya ɗaga fitilar. Ƙarfen da ya gani ya fi ƙarfin motar ungozoma, kaurinsa ya kusa na wuyan hannun yaro. Ya sa babban yatsa ya kankare taɓon da ya bushe a kai, sai shuɗin fenti ya bayyana. Ya bi shi zuwa bakinsa. Huji ɗaya, biyu, uku, kuma notin yana ɗaure a na ukun. Gefensa ga ɗigo uku a jere.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Motar Guguwa ce, ƙarfen da ya fara hudawa ba zai ɓace masa ba. Ja ce a da. An yi mata fenti, an cire salansar nan mai ihu, an ɓamɓare hotunan jikinta, an mai da ita kamar ta Allah. Ba wanda ya leƙa ƙasa. Shi ma da ya kamata ya leƙa, wata uku yana kau da kai, jikokinsa na zaune a saman hujin da ya yi da hannunsa. Ya zauna daɓas a kan matakala, gumi na tsattsafo masa.

Daga inda yake, takalmanta kawai yake gani a bakin ramin, farare, ɗaya ya ɗan ci ta gefe. Sai zuciya ta fara kawo masa mafita. Yana da siririn ƙarfe na kamfani a rataye. Rabin awa ya isa ya canja, ya jefa wannan a bola, ba wanda zai sani har abada. Motar za ta gyaru, sunansa kuma ya tsira.

"Bushin ne ya mutu, Uwata," ya ce daga ƙasa. "'Yar roba ce kawai."

"Baba, a garejin nan na girma. Bushin ƙara yake yi, ba ya juya mota. Kada ka lallashe ni, na san laifina."

Wannan kalmar ta ƙarshe ita ta gama da shi. Ya gane ƙarfe kam zai canju a ɓoye, amma abin da ke cikin jakarta da abin da ke cikin ranta ba sifana da za ta kwance su.

"Sauko," ya ce.

"Kayana farare ne."

"Sauko, don Allah."

Ba ta taɓa jin ya haɗa ta da Allah ba, sai ta tattare riga ta sauko. Ya kama yatsanta ya ɗora a kan ƙarfen. Ba ta buƙaci bayani ba. Ɗigon nan uku suna jikin akwatin ƙarfen da ta tafi makarantar kwana da shi. Suna gindin tukwanen da ta tafi gidan miji da su. Shi yake buga su a kan duk abin da ba ya so ya ɓace mata.

Ya faɗa mata komai, har da dariyar samarin. Ya ce duk wanda ya saki totur a jiƙaƙƙen kwana da wannan ƙarfen, ko shi ne da kansa, sai motar ta juya da shi. Ta tsaya baki buɗe, tana kallon ƙarfen, tana kallonsa.

"Ashe ba ni ba ce," ta ce a hankali. Sai kuma da ƙarfi, har ramin ya amsa: "Ashe ba ni ba ce! Mako biyu ina kallon yaran nan ina neman gafararsu a zuciyata, Baba!"

Ya sunkuyar da kai. Ta share ido da bayan hannu, baƙin mai ya ɓata mata kunci. Can ta yi tambayar da shi bai kai ga yi wa kansa ba.

"Guda nawa ka huda?"

Bai sani ba.

"Suna ina yanzu?"

Nan ma bai sani ba. Samari dai girma suke yi. Su yi aure, su yi tumbi, su sayar da motar wasa su sayi ta iyali. Ta wasan kuma dillali ya wanke ta ya miƙa wa 'yar wani.

A ranar ya canja ƙarfen, tana riƙe masa fitila. Da ya gama ta ce ya tayar ya gwada, ya ƙi, ya miƙa mata makulli, ya zagaya ya zauna a gefen mai zaman banza. Ta daɗe hannunta na kan sitiyari kafin ta tayar. Sau uku suka zagaya shataletalen bakin gada. Motar ta ɗan kwanta gefe kamar kowace mota, ta miƙe, ta wuce. Takardar nan ba ta kai asibiti ba.

Tun daga lokacin, in kun ga wani gajeren dattijo a wurin ajiye motoci na kasuwa ko na makaranta, ya shimfiɗa kwali ya kwanta yana haska ƙarƙashin motar da ba tasa ba, ba taɓuwa ya yi ba. An kira shi ɓarawo, an taɓa zuba masa ruwa, wani mai gadi ya taɓa jansa ta ƙafa. Ya gano motoci bakwai masu ɗauke da ɗigonsa uku. Ɗaya ta wani malamin makaranta ce, ɗaya ta wata mai ɗinki mai ciki wata takwas. Sauran yana nema. Ranar hutunta 'yar ce ke kai shi, ita ke tuƙi, shi yana rungume da kwalinsa.

Kwanan baya iyali suka taru a gidansa, an ci an sha, sai ɗaya daga tagwayen ya hau cinyarsa ya ce, "Kaka, ba mu labarin da Mama ta banke duro!" Kowa ya gyara zama, an fara dariya tun kafin a fara. Baban Rami ya ɗaga kai ya kalli 'yarsa, ya daɗe yana kallonta.

"Ba ta banke komai ba," ya ce. "Duron ne aka ajiye a kan hanyarta. Ni na ajiye shi."