Igiyar da Na Kwance a Kwali

Ni ba ɗan gidan dawaki ba ne. Sai da na haura shekara arba'in na fara hawa, kuma wani abokin aikina a ma'aikata ne ya yi ta ja na har na yarda. Shi ya haɗa ni da wani Alhaji mai barga a bayan gari, can gaba da unguwar Gudu a Abuja, inda muke taruwa duk Asabar mu hau mu zaga mu dawo. Bayan shekara biyu na sayi nawa dokin, baƙi mai farin goshi. A bargar na bar shi, domin a gidan saman da nake haya a Gwarinpa ko kaza ba a kiwo.

Mai kula da dawakin wani dattijo ne daga wani ƙauye a arewa. Ci-rani ya kawo shi Abuja, ya yi ta tura ruwa a kura kafin Alhaji ya gano ya san doki. Baba muke ce masa, shi kuma ya ce mana yallaɓai. Ba shi da yawan magana. In ka yi kuskure wajen ɗaura sirdi ba zai gaya maka ba, sai dai ya zo ya gyara kamar ƙura yake kakkaɓewa.

A ƙarshen wata damina Alhaji ya shirya mana tafiyar kwana uku ta cikin gonaki, mu shida a kan dawaki, Baba da direba suna bin hanyar mota a a-kori-kura da harawa da ruwa da turaku. Ranar farko muka yini muna tafiya. Dab da magariba muka sauka a wani ƙauye kusa da Kwali, gidan wani manomi Bagwari da ya ba mu filin bayan gidansa. Matarsa maginiyar tukwane ce. Ta nuna mana rumfarta, tukwane da tuluna jere a ƙasa, ɗanyu, suna jiran gashi. Ta ce jibi za ta sa musu wuta.

Baba ya kafa turaku shida, nesa da juna don kada dawakin su yi harbi. Kowane doki ya ɗaure shi a ƙafar gaba da igiya mai laushi, gajeriya. Na ce, "Baba, wannan igiyar ba ta yi masa kaɗan ba?"

Ya ce, "Yallaɓai, baƙon wuri ne. Doki ba ya sakin jiki a inda bai sani ba. In ka ba shi tsawo, ko ya harɗe ko ya nemi hanya."

Bayan isha'i ya sake zagawa ya taɓa kowane ƙulli da hannunsa, sannan ya hau bayan mota ya kwanta. Tun asuba yake tsaye.

Ni barci ya ƙi zuwa, cinyoyina suna ta zogi. Na ɗauki tocila na fita. Na tarar da dokina yana miƙa wuya wajen wata ɗanyar ciyawa da ta fi ƙarfin igiyarsa da kamar taku biyu. Na ji tausayinsa, wannan gaskiya ne. Amma akwai wani abin kuma. Na sha kallon bidiyo a waya na yadda Turawa ke ɗaure doki a daji da doguwar igiya, har na sayi irinta, shuɗiya ta roba, na ɓoye a jaka. A raina ina ganin hanyar Baba tsohon yayi ce. Na kwance ƙafar dokin, na ɗaura igiyata a ragamarsa, ɗaya bakin na zagaya shi a wata ƙaramar bishiya, na yi ƙullin yadda na tuna shi. Na tsaya ina kallonsa yana cin ciyawa, ina jin daɗin kaina. Na koma na yi barci mai nauyi.

Da asuba na fito da buta sai na ji hayaniya wajen rumfar. Dokina ne tsaye a tsakiyarta, kansa cikin wani kwano da aka jiƙa dusa, igiyar tana jan ƙasa a bayansa. Ƙullina ya warware ke nan. Tukwanen da ya bi ta kansu sun zama ɓaraguzai. Matar tana tsugune tana tsince su cikin zaninta, ba ta ɗaga murya ba. Da Hausarta ta ce, "Doki ta shigo ta taka duka. Wata guda ina yi."

Alhaji ya juya kan Baba a gaban kowa. "Shekara nawa kana wannan aiki? Mutane sun karɓe mu da mutunci, ka je ka kwanta ka bar doki sake? In tsufa ne ya kama ka, ka faɗa mini."

Baba ya je ya kama dokin, ya kwance igiyar daga ragama. Ya dube ta, ya naɗe ta a hankali, ya sa a aljihun rigarsa. Ya ce, "A yi haƙuri, Alhaji. Kuskure ne." Bai kalle ni ba. Ya je ya durƙusa gaban matar ya ba ta haƙuri.

Ina tsaye da butata a hannu. Kalma uku ce kawai, ni na kwance. Na ce a raina bari ran Alhaji ya huce tukuna. Da ya huce na ce sai mun hau hanya. Da muka hau hanya na ce ai gara mu koma gida, in same shi shi kaɗai.

Alhaji ya ce Baba ya tsaya ya taya matar aiki, direba ya dawo ya ɗauke shi da yamma. Tun da tukwanen ɗanyu ne, ana iya daka su a sake jiƙa yumɓun. Haka dattijon ya yini yana daka a rana, mu kuma muna can muna ɗaukar hotuna a bakin rafi. Da daddare ya iso masaukinmu na biyu, hannuwansa sun yi kanta, ya kafa turaku ya ɗaure dawaki shida, har da nawa.

Da muka dawo na yi mako uku ban leƙa barga ba. Ranar da na je, na samu Alhaji ya ɗauko wani ya ɗora a kan Baba, shi an bar masa shara da ban ruwa. Na same shi yana wanke kwanon dusa. Muka gaisa. Ya shiga ɗakinsa ya fito da igiyar, a wanke, ya miƙo mini.

Na ce, "Baba, ka sani ashe."

"Ba ni da igiyar roba, yallaɓai."

"To me ya hana ka faɗa?"

Ya ci gaba da wankinsa. Can ya ce, "Ba ni zan nuna ka da yatsa a gaban mutane ba. Na dai ɗauka za ka yi magana."

Na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe tun a can, Allah ya yafe mana baki ɗaya. A ranar na samu Alhaji na gaya masa komai. Ya yi dariya har da dafa kafaɗata, ya ce, "Kai ma dai, oga. Ai ya wuce." Laifin da aka ci mutuncin Baba a kansa, da ya dawo kaina sai ya zama abin dariya. Alhaji ya mayar masa da aikinsa, amma ban ji ya ba shi haƙuri ba, sauran abokan tafiyarmu huɗu kuma ban taɓa zaunar da su na gaya musu ba. Biyu daga cikinsu an yi musu canjin wurin aiki, har yau abin da suka sani shi ne tsoho ya yi sakaci.

Da kaka ta yi sosai Baba ya tafi gida girbi, bai dawo ba. Direba ya ce dama ya daɗe yana zancen komawa gona. Mai yiwuwa haka ne. Na kira wayarsa sau biyu, ƙanensa ya ɗauka ya ce yana gona, zai kira ni. Bai kira ba, ni ma ban sake nema ba.

Matar nan mai tukwane kuwa ban koma wurinta ba. Aiki yakan kai ni Lokoja, kuma mararrabar ƙauyen tana kan hanyar, na san ta sarai. A watan jiya na rage gudu a wurin, har na kunna sigina. Wata tirela ta danna mini hon daga baya, sai na kashe siginar na miƙe hanya.